Tarihin awon tiroksin sakakke cikin jini

Hausa ta daɗe da sunan cutar, watau maƙoƙo, kumburin nan da ke fitowa a gaban wuya, galibi ga mata. Amma ƴar tsokar da ke kumburin ba ta samu suna ba, domin muddin tana lafiya ido ba ya ganinta. Ko a Turai sai a shekara ta 1656 wani likitan Ingila, Thomas Wharton, ya laƙaba mata "tiroyid", daga wata kalmar Girkanci mai nufin garkuwa.

An yi fiye da shekara ɗari biyu ana kiran sunan ba tare da sanin aikinta ba. A 1883 Theodor Kocher, likitan fiɗa a birnin Bern na ƙasar Suwis, ya bayyana abin da ya samu waɗanda ya cire wa tsokar gaba ɗaya: jiki ya mutu, fuska ta kumbura, tunani ya yi nauyi, yara kuwa suka daina girma. Wannan ya nuna akwai abin da take zubawa cikin jini. Edward Kendall ya tsamo abin a Amurka a 1914, aka sa masa suna tiroksin. A 1926 Charles Harington ya tabbatar da cewa kowace ƙwayarsa tana ɗauke da iyod huɗu, dalilin da ya sa likitoci ke rubuta T4.

Saura awo, kuma a nan ne aka sha wuya. Da fari iyod ɗin da ke manne da furotin na jini ake aunawa, sai a ƙiyasta tiroksin daga gare shi. Maganin tari mai iyod kaɗai ya isa ya ɓata lissafin. A 1960 Roger Ekins a Landan ya fito da hanyar auna tiroksin kansa, amma wani ruɗani bai kau ba: mace mai ciki, lafiyarta lau, awo ya nuna tiroksin ya yi mata yawa. Kuskuren ba ƙarami ba ne, tun da maganin da ke rage aikin tiroyid yana ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi.

Bayanin ya fito daga binciken Jacob Robbins da Joseph Rall cikin shekarun 1950. Kusan dukan tiroksin na jini a ɗaure yake da wasu furotin masu dakonsa, kamar dabba a turke. Abin da ke yawo a sake bai wuce kashi 3 cikin 10,000 ba, shi kaɗai ne kuma ke shiga sassan jiki ya yi aiki. Ciki yana ƙara yawan furotin ɗin, sai ɗaurarren ya ƙaru, na saken bai canza sosai ba. Wannan ɗan kason ne takardun awo na Faransanci ke kira "T4 libre". Mai fassara ya lura: "libre" a nan ba ta shafi ƴanci ba, balle kyauta. Kishiyar ɗaurarre ake nufi, saboda haka "sakakke" ya fi dacewa.

Kenneth Sterling da abokin aikinsa Hegedus sun auna sakakken a 1962, ta hanyar barinsa ya tsiyaye ta wata fata mai laushi wadda furotin ba ya iya ratsawa. Aikin yana da cin lokaci. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka samu hanyoyi masu sauri da asibitoci za su iya ɗauka.

A yau likita yana karanta sakamakon tare da na TSH, sinadarin da ke zuwa daga gindin ƙwaƙwalwa yana zuga tiroyid. Idan TSH ya hau, sakakke ya sauka, tsokar ta gaza. Idan akasin haka ne, ta wuce kima. Sai dai hanyoyin sauri ƙiyasi suke yi, kuma a watannin ƙarshe na ciki sukan ba da adadi ƙasa da na gaskiya. Shi ya sa ake ware wa masu ciki nasu ma'auni, gwargwadon watannin cikin.