Daga Jami'a Zuwa Wurin Aiki: Matakan Da Ɗalibin Baure Ke Bi

Baure ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi biyar na Masarautar Daura, tare da Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, kuma tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Noma da kiwo da fatauci su ne ƙashin bayan rayuwar al'ummarta, shi ya sa mafi yawan matasan da suka yi karatu mai zurfi sukan nemi aikin albashi a Daura ko Katsina ko Kano ko Abuja.

Makarantun da ke kusa

A Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya wadda aka aza harsashinta a ƙarshen wannan shekara. A sauran sassan jihar akwai Jami'ar Al-Qalam ta 2005, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta 2011. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, ta Daura ya biyo, don haka masu karatun injiniya da harkar sufuri suna da dalilin sa ido a kansa.

Tun kafin a kammala

Ɗaliban kimiyya da injiniya da aikin gona kan fita horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun ITF ya ɓullo da shi a 1973. Wanda ya yi horon da gaske yakan fito da ƙwarewa da kuma mutanen da za su shaide shi gobe. Wanda ya je neman sa hannu kawai, ranar ganawar ɗaukar aiki asirinsa ke tonuwa.

Hidimar ƙasa

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa Hukumar NYSC a 1973. Ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni ba sa ɗaukar mai digiri ko babbar difloma sai da takardar kammala hidima, ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu. Wajibi ne sunan ɗalibi ya kasance cikin rajistar JAMB, in ba haka ba kiransa zai yi jinkiri. Tun 2012 hukumar ke koyar da sana'o'i a sansanoninta ƙarƙashin shirin SAED.

Takardun da ake nema

Tsarin mulki ya tanadi a raba guraben aikin tarayya tsakanin jihohi, kuma Hukumar Daidaiton Ma'aikata ce ke sa ido. Saboda haka takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, wadda ake karɓa a sakatariyar Baure, tana da nauyi. Sai lambar NIN da takardar haihuwa da sakamakon sakandare. Dole suna da ranar haihuwa su zo ɗaya a dukkansu, domin saɓanin harafi guda ya isa ya fitar da mutum a wajen tantancewa. Mai son koyarwa kuma yana buƙatar rajista da Hukumar TRCN. Mai digirin farko yakan fara aikin gwamnati a mataki na 8.

Hattara da dillalan aiki

Hukumomin tarayya kan sanar da gurabensu a jaridu da shafukansu na intanet, kuma neman kyauta ne. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya samo takardar kama aiki, laifi yake jawo mutum ciki, domin doka ta hana bayar da cin hanci kamar yadda ta hana karɓa. Kafin uba ya sayar da gona ko shanu saboda irin wannan alkawari, ya tura ɗansa ofishin hukumar ya tabbatar ko akwai gurbin.