Sha Biyu da Biyu Bisa Uku: Yadda Aka Gina Tsarin Mulkin 1979

Tsoro ne ya rubuta kundin tsarin mulkin Najeriya na 1979. Mutanen da Janar Murtala Muhammad ya tara a Legas a watan Oktoban 1975 duk sun ga yadda Jamhuriya ta Farko ta rushe, sun ga juyin mulkin 1966, sun ga yaƙin basasa. Su hamsin aka zaɓa, Cif Obafemi Awolowo ya ƙi shiga, suka zama arba'in da tara a ƙarƙashin lauya Cif Rotimi Williams. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Aikin da aka ɗora musu shi ne su nemo tsarin da zai hana a sake komawa gidan jiya.

A da, tsarin Ingila muke bi. Abubakar Tafawa Ɓalewa ne Firayim Minista mai riƙe da gwamnati, Nnamdi Azikiwe kuma shugaban ƙasa na ado. Kowace babbar jam'iyya da gidanta: NPC a Arewa, AG a Yamma, NCNC a Gabas. Ɗan siyasa yana iya kaiwa ƙololuwa ba tare da ya taɓa neman ƙuri'ar wanda ba ya jin yarensa ba. Bayan zaɓen 1964 har sai da Azikiwe ya yi kwanaki yana ƙin kiran Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta zauna ba a san wa ke da iko ba. Sarki biyu a gari ɗaya ke nan.

Don haka kwamitin ya juya zuwa ga tsarin Amurka. Shugaba ɗaya mai cikakken iko, wanda ƙasa duka za ta zaɓa, wa'adi shekara huɗu, ba zai wuce sau biyu ba. Majalisa biyu ce ke yin doka da riƙe bakin jaka: Dattawa mutum 95, biyar daga kowace jiha ko babba ko ƙarama, Wakilai kuma 449 bisa yawan jama'a. Kotu tana da ikon cewa doka ta saɓa wa kundi, ta soke ta. Minista ba ɗan majalisa ba ne, kuma sai Dattawa sun tantance shi. Manufar ita ce kada hannu ɗaya ya riƙe wuƙa ya riƙe nama.

Amma ba kwafi suka yi kawai ba, kuma a nan ne nake jinjina musu. Sun ƙara abin da Amurka ba ta da shi. Dole shugaba ya ɗauko minista aƙalla ɗaya daga kowace jiha. Ba a yi wa jam'iyya rajista sai ta nuna tana da rassa a kashi biyu cikin uku na jihohi, kuma sunanta da tambarinta ba na ƙabila ko addini ba ne. Ƙungiyoyi barjat suka fito, biyar kaɗai hukumar zaɓe ta FEDECO ta yarda da su: NPN, UPN, NPP, GNPP ta Waziri Ibrahim da PRP ta Malam Aminu Kano. Sai babbar ƙa'ida: bai isa ɗan takara ya fi kowa ƙuri'a ba, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a kashi biyu cikin uku na jihohi. Wato an tilasta wa ɗan siyasa ya fita daga ƙofar gidansu ya je ya gaida baƙi.

Ba duk 'yan kwamitin ne suka gamsu ba. Malaman tarihi biyu, Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dokta Segun Osoba, sun rubuta nasu rahoton daban, suna ganin daftarin masu hannu da shuni yake karewa. Gwamnati ta yi watsi da shi. Ni dai har yau ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafinsu. Babi na biyu na kundin ya yi alkawarin ilimi da lafiya da abin yi, amma wani sashe ya ce ba za ka iya kai gwamnati ƙara don ta kasa cika su ba.

Daga nan daftarin ya tafi majalisar tsara mulki da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta daga 1977 zuwa 1978. A can batun kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya ya yi zafi, har wakilai Musulmi da dama suka fice a watan Afrilun 1978. An sasanta a kan kowace jihar da ke so ta kafa tata. Da aka gama, gwamnatin Janar Obasanjo ta yi gyare-gyarenta, ta cusa dokar mallakar filaye da ta hidimar ƙasa, sannan ta sa hannu. Kundin ya fara da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka ba kanmu shi, alhali ba a taɓa kai shi ƙuri'ar raba-gardama ba.

Gwajin farko ya zo da wuri. A zaɓen 11 ga Agustan 1979 Alhaji Shehu Shagari na NPN ya samu ƙuri'a kusan miliyan 5.7, Awolowo na UPN kusan miliyan 4.9. Shagari ya cika kashi ɗaya cikin huɗu a jiha goma sha biyu. Ta sha uku ita ce Kano, inda jama'a suka dangwala wa mabuɗin PRP suka bar gida da masara, tambarin NPN, da abin da bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Jihohi kuwa 19 ne, kuma 19 ba ta rabuwa gida uku. Kowa ya ɗauka sha uku ake nufi. Sai lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, sha biyu ne da biyu bisa uku, don haka a Kano kashi biyu cikin uku na ƙuri'u kaɗai za a lissafa, a nemi rubu'insu. Da wannan lissafi Shagari ya haye. A makarantar da nake koyarwa lokacin, malaman lissafi ne suka koma manyan masu sharhin siyasa a ɗakin malamai, alli a hannu. Da aka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar a 26 ga Satumba, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi amincewa. Aka rantsar da Shagari ran 1 ga Oktoba.

Rabon iko ya nuna haƙoransa a Kaduna. Gwamna Balarabe Musa ɗan PRP ne, majalisar jiha kuma NPN ce ke da rinjaye. Suka yi ta ƙin amincewa da kwamishinoninsa, ya yi mulki babu su, a watan Yunin 1981 suka tsige shi. Makamin da aka ƙera don hana gwamna zalunci, shi aka yi gabar jam'iyya da shi.

Labarin Shugaba Abdurrahman Darman ya fi daɗin ji. Shi ne shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, ɗan GNPP. A watan Janairun 1980 jami'an shige da fice suka ɗauke shi suka kai shi Chadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Aka garzaya Babbar Kotun Maiduguri, ta ce korar haramtacciya ce, ya dawo gida. Gwamnatin tarayya da duk ƙarfinta ta sha kaye a gaban alƙali, abin da ba a saba gani ba a shekara goma sha uku na mulkin soja.

Tsarin bai daɗe ba. Ran 31 ga Disamban 1983 sojoji suka dawo, suka jingine sassan kundin da doka ɗaya. Amma bai mutu ba, domin kundin 1999 da gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta bari kusan shi ne aka karkaɗe wa ƙura, har da ƙa'idar kashi ɗaya cikin huɗu. Jihohi yanzu 36 ne, kashi biyu cikin ukunsu 24 cif, babu guntu.