Wasiƙu Ɗari Biyu Daga Ahiara

A ranar 8 ga Yuni, 2017, Fafaroma Francis ya karɓi wata tawaga daga Najeriya, ya ba da umarnin da ba kasafai ake jin irinsa ba. Ya ce kowane limamin Katolika na yankin Ahiara, a ƙasar Mbaise ta Jihar Imo, ya rubuto masa wasiƙa cikin kwana 30, ya nemi gafara, ya yi alkawarin karɓar bishof ɗin da aka naɗa masa. Wanda ya ƙi, za a dakatar da shi daga limanci.

Me ya yi zafi haka? Bishof na farko na Ahiara, Victor Chikwe, ɗan Mbaise ne, ya rasu a 2010. A Disambar 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya naɗa Peter Okpaleke ya gaje shi. Shi ma Ibo ne, amma daga Jihar Anambra. Limamai da jama'ar Mbaise suka ce ba su yarda ba: ƙasarsu ta shahara da yawan limamai, don me za a ɗauko musu shugaba daga waje? Sai a wata makarantar horar da limamai kusa da Owerri aka yi bikin naɗa shi a Mayun 2013, kuma bai taɓa samun zama kan kujerarsa ba.

Mu da muka saba da rikicin ɗan ƙasa da baƙo, muna iya cewa ƙabilanci ne kawai mu wuce. Amma gardamar ta girmi Najeriya nesa ba kusa ba.

Tun farkon ƙarni na 2, Ignatius, bishof ɗin Antakiya, ya rubuta wa coci-coci wasiƙu a kan hanyarsa ta zuwa Rum inda za a kashe shi. Ya gargaɗe su kada a yi wani abu na coci ba da sanin bishof ba. A koyarwar Katolika, bishof magajin almajiran Yesu ne. Har yau, ranar da ake naɗa limami, yakan sa hannuwansa cikin na bishof, ya yi alkawarin girmama shi da yi masa biyayya, shi da waɗanda za su gaje shi. Ke nan ya yi alkawari ga mutumin da bai ma san sunansa ba tukuna.

Sai dai akwai wata tsohuwar al'ada a gefe guda. A ƙarnonin farko, limamai da mutanen gari suna da baki a zaɓen bishof. A 374 jama'ar Milan ne suka nemi a ba su Ambrose, gwamnansu, alhali ko baftisma ba a yi masa ba. A 428 Fafaroma Celestine na 1 ya rubuta cewa kada a ɗora wa jama'a bishof ɗin da ba sa so. Daga baya sarakunan Turai suka mamaye naɗin, har aka kai ga 1077, lokacin da Sarki Henry na 4 na Jamus ya je Kanosa neman gafarar Fafaroma Gregory na 7. Sannu a hankali ikon ya tattara a Rum. Kundin dokokin coci na 1917 ya mayar da naɗin bishof haƙƙin Fafaroma, na 1983 kuma ya jaddada hakan.

Don haka a doka, Francis ne ke da gaskiya. Limamai kusan 200 suka rubuto wasiƙun biyayya. Amma wasunsu sun ƙara da cewa bayan shekarun nan na saɓani, zai yi musu wuya su yi aiki da Okpaleke. Ƙofar Ahiara ba ta buɗe masa ba. A ranar 19 ga Fabrairu, 2018, Fafaroma ya karɓi murabus ɗinsa, ya kuma fasa hukunta limaman.

Wa ya ci nasara? Mbaise ta hana shi shiga, amma ta yi shekaru ba ta da bishof zaunanne, ana riƙon ƙwarya. Rum ta sami sa hannu a takarda, ba ta sami zukata ba. Shi kuwa Okpaleke, a 2020 aka ba shi sabon yankin Ekwulobia a jiharsa, a Agustan 2022 kuma Francis ya ɗaga shi zuwa kadinal, cikin waɗanda ke zaɓen Fafaroma.

Abin da muka gani a Ahiara shi ne Ignatius da Celestine sun sake haɗuwa a gari ɗaya. Ɗaya yana cewa a bi bishof, ɗaya yana cewa a saurari jama'a kafin a naɗa shi. Umarni ya isa ya sa mutum 200 su ɗauki alƙalami cikin wata guda. Bai isa ya sa su buɗe ƙofar coci ba.