Gandun Dabbobi: Yadda Labarin Aladu Ya Faɗi Abin da Baki Ya Kasa Faɗa

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Tambayar da nake so mu juya yau ita ce: me zai sa babban mutum da hankalinsa ya zauna yana karanta labarin da doki ke magana, alade ke mulki? Mun san ƙarya ce, marubucin ma ya san mun sani. Amma irin waɗannan littattafai ne ake ta fassarawa, gwamnatoci suna haramtawa, mutane suna karantawa a ɓoye. Don mu samu amsa, zan bi tarihin littafi guda ɗaya, wato Animal Farm na George Orwell, wanda da yawanmu muka sani da suna Gandun Dabbobi.

Bari mu fara daga Sifaniya. A watan Disamba na 1936 Orwell, ɗan jarida Bature ɗan Ingila, ya isa birnin Basalona ana tsakiyar yaƙin basasa. Ya shiga rundunar wata ƙaramar jam'iyyar 'yan gurguzu mai suna POUM, suna yaƙar dakarun Janar Franco. A watan Mayu na 1937 harsashi ya same shi a wuya, da ƙyar ya sha. Amma abin da ya fi harsashin yi masa ciwo shi ne abin da ya biyo baya. 'Yan kwaminis masu biyayya ga Stalin na Tarayyar Sobiyet, waɗanda ake ɓangare ɗaya da su, suka juya kan POUM, aka haramta jam'iyyar, aka kama 'ya'yanta, aka kashe shugabanta. Jaridu kuma suna ta buga cewa maciya amana ne. Orwell da matarsa Eileen suka tsallaka Faransa da ƙyar da jiɓin goshi.

To da ya koma gida sai ya rubuta abin da ya gani ƙarara, da sunaye da ranaku, a littafin Homage to Catalonia na 1938. Kwafi 1,500 aka buga. Har ya mutu a 1950 ba su ƙare a kasuwa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi da kansa ya ba da labarin yadda dabara ta zo masa. A wani ƙauye ya ga yaro ɗan kimanin shekara 10 yana kora wani ƙaton doki mai jan amalanke, duk sanda dokin ya so juyawa sai ya tsula masa bulala. Sai ya yi tunanin cewa da dabbobin nan sun san ƙarfinsu, da ba mai iya juya su, kuma haka masu hali suke yi wa talaka. Daga Nuwamba 1943 zuwa Fabrairu 1944 ya rubuta labarin: dabbobin wata gona sun kori mai gonar, sun kafa mulkin kansu, sun rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Sannu a hankali aladu suka zama shugabanni. Wani alade ya yi kiwon karnuka a ɓoye ya kori abokin takararsa da su. Dokokin bango suka riƙa canzawa da daddare. Dokin da ya fi kowa aiki, da ƙarfinsa ya ƙare, aka sayar da shi ga masu yanka, aladu suka sayi giya da kuɗin. A ƙarshe sauran dabbobi suka leƙa ta taga, suka kasa bambance alade da mutum.

Matsalar ita ce lokacin ana Yaƙin Duniya na Biyu, kuma Stalin abokin ƙawancen Ingila ne wajen yaƙar Hitila. Kamfanonin ɗab'i suka yi ta mayar masa da kayansa. Kamfanin Jonathan Cape ya karɓa, sannan ya janye bayan wani jami'in Ma'aikatar Watsa Labarai ya ja masa kunne, har mai kamfanin yana cewa mai da shugabanni aladu zai ɓata wa Rashawa rai. T. S. Eliot, babban mawaƙin nan da ke aiki da kamfanin Faber, shi ma ya ƙi. Ku lura fa, babu sunan Stalin a littafin ko sau ɗaya. Amma duk wanda ya karanta ya san da wa ake. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Sai ranar 17 ga Agusta 1945 kamfanin Secker da Warburg ya fitar da shi, kwafi 4,500, kuma nan da nan suka ƙare. Kun ga bambancin kenan. Mutum ɗaya, ƙorafi ɗaya. Da ya faɗa kai tsaye ba a saurara ba, da ya sa a bakin dabbobi sai duniya ta ɗauka.

Me ya jawo haka? Ni a ganina, idan ka kawo wa mutum hujja da suna, abin da zai fara yi shi ne ya duba ɓangaren da kake. In nasa ka taɓa, ya toshe kunne tun kafin ka gama. Amma ba wanda yake jam'iyya ɗaya da doki. Sai ka shiga labarin ba garkuwa a hannunka, ka ji tausayin dokin, ka ji haushin aladen, sai daga baya ka farga cewa ai ka san wannan fuskar. Marubucin ya cire suna ya bar hali, kai mai karatu kai ke mayar da sunan. Abin da mutum ya gano da kansa kuwa ya fi zama masa a rai fiye da wanda aka ɗura masa.

Shi ya sa littafin ya yi tafiyar da marubucinsa bai tsara ba. A 1947 aka fassara shi zuwa harshen Yukren, aka raba wa 'yan gudun hijira a sansanonin Jamus, har sojojin Amurka suka ƙwace wasu kwafi suka miƙa wa jami'an Sobiyet. A cikin Tarayyar Sobiyet ɗin kanta ba a yarda an buga shi a fili ba sai ƙarshen shekarun 1980. A 1967 ya fito da Suwahili. A 2001 jaridar Daily News ta Zimbabuwe ta riƙa buga shi kashi-kashi, an zana shugaban aladun da tabarau mai kauri irin na Robert Mugabe. A 2022 kuma marubuciya 'yar ƙasar, NoViolet Bulawayo, ta fitar da nata littafin mai suna Glory, inda wani tsohon doki ke mulkin ƙasar dabbobi har aka kifar da shi.

Mu kuma a 1975 ya iso mu, lokacin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara shi zuwa Hausa, shekarar da aka hamɓarar da Janar Gowon, Murtala ya hau. Bai tsaya ga mayar da kalmomi ba, ya sauya har sunaye. Mai gona ya zama Nomau, shugaban aladu ya zama Maitumbi, dokin nan mai ƙwazo ya zama Akawal. Kuma bai zo wa Bahaushe a matsayin baƙo ba. Mun taso da Gizo da Ƙoƙi, da kura mai kwaɗayi, da dila malamin daji. Tun 1937 Abubakar Imam ya ba mu aku mai ba da labari a fadar sarki cikin Magana Jari Ce. Malamanmu kuma sun san Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya mayar Larabci wajen shekara ta 750, inda diloli biyu suke kai kawo a fadar zaki. Dabara ce tsohuwa: wanda ba zai iya kallon mai iko ya faɗa masa ba, sai ya ce ai zaki nake nufi. Habaici kenan, kuma wanda ya tsargu da shi ake.

Sai dai akwai wani ɓangare da bai kamata in ɓoye muku ba. Tatsuniya makami ce, kuma makami bai san mai shi ba. A 1954 aka yi fim ɗin zane na littafin a Ingila, daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta zuba kuɗi a ciki. An ma canza ƙarshen labarin, aka sa dabbobi suka tashi suka kifar da aladun. Orwell, wanda har ya mutu yana kiran kansa ɗan gurguzu mai son dimokuraɗiyya, ya rubuta gargaɗi a kan duk juyin da ke ƙarewa da canza ubangida. Waɗansu suka mai da shi sandar dukan abokin gabarsu kaɗai.

Mu ma muna yin haka. Duk wanda ya karanta Gandun Dabbobi, kansa yake gani a matsayin Akawal, Maitumbi kuwa kullum shugaban jam'iyyar da ba tasa ba ne. Amma ku koma ku duba labarin da kyau. Aladu ba su kaɗai suka ci gonar ba. Akwai tumakin da ke rera duk taken da aka koya musu har su hana a ji mai ƙorafi. Akwai dabbobin da suka ga kamar dokar bango ta canza, amma tunda ba su iya karatu sosai ba, kuma ba su riƙe abin da aka rubuta jiya ba, sai suka zargi ƙwaƙwalwarsu. Akwai kuma tsohon jakin nan da ya iya karatu tsaf, ya gane komai, ya zaɓi ya yi shiru, bai buɗe baki ba sai ranar da aka zo ɗaukar amininsa, lokacin kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Don haka idan wani ya ce muku karanta labarin dabbobi ko na aljanu da mayaƙa ɓata lokaci ne, ku ba shi tarihin wannan ɗan ƙaramin littafi. Idan kuma kuka ɗauko shi, kafin ku nemo wane ne Maitumbi, ku fara tambayar kanku a wane layi kuke tsaye cikin sauran dabbobin. Ku faɗa mana amsarku a ƙasa, da kuma littafin da kuke so mu bi tarihinsa nan gaba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.