Yadda Shayi Ya Raba Ingila da Amurka

Mutanen Ingila da na Amurka harshensu ɗaya ne, kuma kakannin Amurkawa da yawa daga Ingila suka ƙaura. Amma akwai al'adun da suka raba su, babbar cikinsu kuwa ita ce ta shan shayi. Baturen Ingila shayi ne abin shansa safe da yamma, Ba'amurke kuwa ya fi son gahawa. Wannan bambanci yana da asali.

Ganyen shayi ya shiga Ingila daga ƙasar Sin a tsakiyar ƙarni na 17. A shekarar 1662 Sarki Charles na Biyu ya auri Catherine, 'yar Sarkin Fotugal, wadda ta saba da shansa, sai fadawa da attajirai suka yi koyi da ita. Sannu a hankali talakawa suka ɗauka, har waɗanda suka ƙetare teku zuwa Amurka.

A wancan zamani yankuna 13 na Amurka suna ƙarƙashin Sarkin Ingila. Da aka gama wani dogon yaƙi da Faransa a 1763, bashi ya yi wa Gwamnatin Ingila katutu. Saboda haka a 1767 Majalisa ta ɗora haraji a kan wasu kayan da ake kai wa Amurka, shayi kuwa taro a kan kowace laba. Mutane suka ce ba su yarda ba, gama ba su da wakili ko ɗaya a Majalisar da ta yanka musu harajin. A 1770 aka soke sauran, aka bar na shayi, don a nuna ikon Majalisa yana nan.

A 1773 aka ba Kamfanin Indiya ta Gabas izinin kai shayinsa Amurka ya sayar da araha, amma da harajin a kai. Mutanen Boston suka gane tarko ne: wanda ya saya ya amince da harajin ke nan. Ran 16 ga Disamba da dare wasu suka ɓad da kama, suka hau jirage uku a tashar garin, suka farfasa akwatunan shayi 342, suka zubar cikin teku. Majalisa ta husata, ta rufe tashar a 1774. Yaƙi ya ɓarke a 1775, Amurkawa suka yi shelar 'yancin kansu ran 4 ga Yuli, 1776, Ingila kuma ta amince a 1783.

Cikin waɗannan shekaru masu kishin ƙasa suka riƙa ganin shan shayi abin kunya ne, suka koma wa gahawa. Daga baya gahawa ta yi araha, don ana nomanta kusa da su, a tsibiran Karebiya da Barazil, sai ta zauna daram.

A Ingila kuwa shayi sai ƙara ƙarfi ya yi. A 1784 aka rage harajinsa ƙwarai, ya wadata ga kowa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Gwamnati ta ƙayyade shi, oza biyu ga mutum a mako da farko, tun daga 1940, ba a saki ba sai 1952.

Har yanzu abin da ke ɓata wa mutumin Ingila rai shi ne a ba shi shayin da ruwansa bai tafasa ba. Shi a buta yake tafasawa, ya zuba a kan ganye, ya ƙara madara. Ba'amurke kuwa yawanci da ƙanƙara yake shan nasa, wani ma a na'urar ɗumama abinci yake zafafa ruwan. Akwai dalili: wutar lantarkin gidajen Amurka wajen rabin ƙarfin ta Ingila ce, butar lantarki takan daɗe ba ta tafasa ba.

A watan Janairu na 2024 wata malamar kimiyya Ba'amurkiya, Michelle Francl, ta ba da shawarar a sa ɗan gishiri cikin shayi don ya kashe ɗacinsa. Jaridun Ingila suka yi ca, har ofishin jakadancin Amurka a Landan ya fitar da sanarwa cikin raha cewa wannan ba manufar Gwamnatinsu ba ce. Gardamar da ta jawo yaƙi shekaru 250 da suka wuce ta zama wasa irin na taubasai.