Shekara shida da wata bakwai: yadda kama-karya ya bi ta aji ya kai duniya yaƙi

Duk shekara, in mun iso darasin mulkin kama-karya a ajin turwaziyam, nakan fara da rubuta ranaku biyu a allo: 30 ga Janairu 1933, da 1 ga Satumba 1939. Ta farko ita ce ranar da aka naɗa Hitila shugaban gwamnatin Jamus. Ta biyu ita ce ranar da sojojinsa suka afka wa Polan, yaƙin duniya na biyu ya tashi. Sai in ce yara su yi lissafin tsakaninsu. Shekara shida ne da wata bakwai, wato kusan tsawon zaman yaro daga CI zuwa CM2.

Bana wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "Mushe, su Jamusawan nan ba su yi lakkol ba ne?" Aji ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don tambayar ta fi darasin da na shirya nauyi. Jamus ta wancan lokaci tana cikin ƙasashen da suka fi kowa karatu. Kusan kowa ya iya rubutu, jami'o'inta sun shahara, Einstein ma a Barlin yake aiki. Ke nan ba rashin lakkol ya kai su ba. Abin da ya kamata mu malamai da iyaye mu duba shi ne yadda aka yi lakkol ɗin kanta ta shiga hannun azzalumai, da abin da suka ƙera da ita.

Azzalumin sarki ba sabon abu ba ne a duniya. Amma na dā, in ka biya haraji ka rufe bakinka, yakan ƙyale ka da gidanka. Gwamnatocin da suka taso a Italiya, Jamus da Tarayyar Sobiyet tsakanin yaƙoƙin duniya biyu ba su tsaya nan ba. Jam'iyya ɗaya, shugaba ɗaya wanda ba a ce ya yi kuskure, ƴan sandan ciki, jarida da rediyo duka a hannun gwamnati. Shiru ma bai wadatar da su ba, sai ka yi tafi. Suna son sanin abin da kake karantawa, wanda za ka aura, da abin da kake faɗa wa ɗanka bayan cin tuwon dare.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon Jamus ya tsage tun 1919. Yarjejeniyar Bersai ta ɗora mata laifin yaƙin farko, ta rage mata ƙasa, ta ƙwace mata Togo da Kamaru da sauran yankunan mallakarta, ta taƙaita sojojinta ga mutum 100,000, sannan aka yanka mata diyya mai nauyi. A 1923 kuɗin ƙasar ya lalace har dalar Amurka ɗaya ta kai mak miliyar 4,200. Ma'aikacin da ya shekara talatin yana tari ya wayi gari ajiyarsa ba ta sayen burodi. A Nuwamban shekarar Hitila ya gwada juyin mulki a Munik, aka murƙushe shi cikin kwana guda. An yanke masa shekara biyar, aka sake shi tun bai cika shekara ba bayan hukuncin. Daga nan ya gane cewa akwatin zaɓe ya fi bindiga saurin buɗe ƙofa.

Da al'amura suka ɗan daidaita, ba wanda ya kula shi: a zaɓen 1928 jam'iyyar Nazi kujera 12 ta samu, ƙasa da kashi 3 cikin 100 na ƙuri'u. Sai kasuwar hannun jari ta New York ta rushe a Oktoban 1929, bankunan Amurka suka janye bashinsu, masana'antun Jamus suka rufe. A 1932 marasa aiki sun kai miliyan 6. Kujerun Nazi suka tashi zuwa 107 a 1930, suka kai 230 a Yulin 1932. Hitila ya ba mai yunwa abu biyu: alkawarin aiki, da wanda zai ɗora wa laifi, wato Yahudawa da ƴan kwaminis.

Duk da haka, akwai abin da ɗalibai kan manta a takardar jarrabawa. Hitila bai taɓa samun rabin ƙuri'u a zaɓe mai ƴanci ba. A Nuwamban 1932 ma ya yi baya, ya sauko kujera 196. Manyan ƴan siyasa masu ra'ayin riƙau, irin su von Papen, su suka shawo kan tsohon shugaban ƙasa Hindenburg ya naɗa shi, da tunanin za su juya shi yadda suke so. Sun ba kura ajiyar nama. Haka aka yi a Italiya tun Oktoban 1922: da ƴan baƙar riga suka nufo Roma, sarki Victor Emmanuel na uku ya ƙi sa hannu a dokar da za ta ba soja damar tare su, ya kira Musolini ya ba shi gwamnati.

Abin da ya biyo baya a Jamus bai ɗauki wata shida ba. Ranar 27 ga Fabrairu 1933 ginin majalisa ya kama wuta, washegari aka dakatar da ƴancin magana da na taro. A Maris aka buɗe sansanin tsare mutane na Dachau. Ranar 23 ga Maris majalisa ta miƙa wa Hitila ikon yin doka shi kaɗai, da ƙuri'a 444, sai 94 na ƴan jam'iyyar soshalis da suka ce a'a. A Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Ranar 14 ga Yuli aka haramta kowace jam'iyya in ba Nazi ba. Kusan kowane mataki da takardarsa da sa hannu da hatimi.

Yanzu mu zo gidanmu, wato aji. Tun Afrilun 1933 aka yi dokar da ta ba da damar korar malamai Yahudawa da waɗanda ba a yarda da ra'ayinsu ba. A watan nan kuma aka taƙaita yawan ƴaƴan Yahudawa da za a ɗauka a manyan makarantu, kafin a kore su ɗungurungum daga makarantun gwamnati a Nuwamban 1938. Ranar 10 ga Mayu 1933 aka ƙona dubban littattafai a dandalin Barlin, kuma ɗaliban jami'a ne suka kwaso su suka zuba a wuta. Zuwa 1937 kusan kashi 97 cikin 100 na malamai sun shiga ƙungiyar malaman Nazi. Wasu da zuciya ɗaya suka shiga, wasu don albashi da iyali. Na san nauyin ƙarshen wata, shi ya sa ba na saurin zaginsu. Amma sakamakon ɗaya ne ga yaron da ke zaune gabansu.

Darussan ma an sake su. A ilimin halittu ana koya wa yara cewa jinsunan mutane hawa-hawa ne, Bajamushe a sama, Bayahude da baƙar fata a ƙasa. Har lissafi bai tsira ba: akwai littattafan da ke sa yaro ya lissafa kuɗin da gwamnati ke kashewa kan mai taɓin hankali ko naƙasasshe, ya gwada da gidajen da za a gina da kuɗin. Yaro yana ganin yana koyon sau da rabawa ne. Daga 1940 zuwa Agustan 1941 aka kashe marasa lafiya da naƙasassu kimanin 70,000 da iskar guba a cibiyoyi na musamman. Bayan tashi daga lakkol kuma, ƙungiyar Matasan Hitila na jiran yaro daga shekara 10 zuwa 18, da inifom da ganga da fareti da wasannin soja. A Maris 1939 shigarta ta zama dole.

Musolini, wanda shi kansa ya fito makarantar horon malamai kamar ni kuma ya koyar a firamare, ya san darajar wannan fili. Ya kafa ƙungiyar yara ta Balilla a 1926, ya tilasta littafin karatu guda ɗaya na gwamnati a duk firamaren ƙasar. A 1931 aka ce malaman jami'a su yi wa mulkinsa rantsuwar biyayya. Cikin sama da 1,200, kimanin 12 ne suka ƙi. A Tarayyar Sobiyet, inda manufar Sitalin ta haɗe gonaki ta jawo yunwar 1932 da 1933 da ta kashe miliyoyi a Yukren da Kazakistan, an ɗaukaka labarin wani yaro, Pavlik Morozov, da aka ce ya kai ƙarar ubansa wurin hukuma. Aka gina masa gumaka, aka koyar da shi a makarantu a matsayin abin koyi. Aƙidar Sitalin da ta Hitila abokan gaba ne, amma a nan sun haɗu: ɗa ya zama kunnen gwamnati cikin gidan ubansa.

Mulkin da ya tara matasa ya cika su da fushi, ya kwashe dukiyar ƙasa ya zuba a makamai, dole ya nemi inda zai sauke su. Japan, inda sojoji suka fi ƙarfin gwamnati, ta mamaye Manchuriya a 1931. Majalisar ƙasashe da ke Janeba, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi Allah wadai, Japan ta fice abinta. A Oktoban 1935 Musolini, wanda ya riga ya rataye Umar Mukhtar a Libiya a 1931, ya afka wa Habasha har da iskar guba. Sarki Haile Selassie ya je Janeba da kansa a Yunin 1936 ya kai kuka, bai samu komi ba. Takunkumin da aka sa wa Italiya bai ma haɗa da man fetur ba. Hitila yana kallo. Ya maido da aikin soja na dole a 1935, ya tura sojoji yankin Rhin a Maris 1936, ya gwada jiragensa a kan garin Guernica na Sifen a 1937, ya haɗiye Ostiriya a Maris 1938. A taron Munik na Satumban 1938, Chamberlain na Ingila da Daladier na Faransa suka yanka masa wani yanki na Cekoslobakiya, masu ƙasar kuwa ba a ko ba su kujera a ɗakin ba. Mutanen biyu suna tuna gawarwakin 1914, suna son kauce wa maimaici. Bayan wata shida Hitila ya shiga Prag. Ranar 23 ga Agusta 1939 ya ƙulla yarjejeniya da Sitalin, suka raba Polan a asirce. Bayan kwana tara aka fara harbi.

A nan lissafin allo yake dawowa. Yaron da ke da shekara 12 ranar da aka naɗa Hitila, ya kai 18 ranar da aka shiga Polan. Waɗanda aka haifa a 1926, da suka fara lakkol dab da hawansa, su aka tara a runduna guda aka tura Normandi a 1944. A ƙarshe har ƴan shekara 16 aka ba bindiga. Yaƙin ya ci rayuka sama da miliyan 50, cikinsu Yahudawa miliyan 6 da aka kashe da gangan.

Mu ma wutar ta taɓa mu. A Yunin 1940, a Chasselay kusa da Lyon, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka da suka kama daga manyansu Turawa suka karkashe su. Samarin da suka yi wannan aiki sun taso suna jin cewa baƙar fata ba cikakken mutum ba ne. Bayan faɗuwar Faransa, Nijar da sauran Afirka ta Yamma ta Faransa sun zauna ƙarƙashin gwamnatin Vichy har Nuwamban 1942, alhali Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle tun Agustan 1940. A shekarun nan an rataya hoton Marshal Pétain a makarantun yankin, yara na rera waƙar yabonsa, talakawa kuma na fama da aikin dole da karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon yaƙi.

Akwai gida ɗaya da nakan ba ɗalibai labarinsa kafin in rufe darasin. Hans Scholl da ƙanwarsa Sophie sun shiga ƙungiyoyin matasan Hitila da ɗoki, har suka zama shugabannin ƴan'uwansu yara. Ubansu, Robert Scholl, bai yarda da Hitila ba, kuma bai ɓoye musu ba. Ya yi ta gardama da su a gida, ya bar su suna karanta littattafan da aka hana. Shi kansa an ɗaure shi a 1942 saboda wata magana da ya yi kan Hitila. Yaran suka girma suka juya, suka riƙa rubuta takardun tona asirin mulkin suna rarrabawa a Munik. An kama su a jami'a, aka kashe su ranar 22 ga Fabrairu 1943. Sophie tana da shekara 21. Ba su tsayar da yaƙin ba, amma sun nuna cewa shekara goma ta fareti da ganga ba ta shafe abin da aka ji a gida ba.

Mu al'umma ce mai son ladabi, kuma ladabi abu ne mai kyau. Sai dai ina tsoron yadda muke haɗa shi da rufe baki. A azuzuwanmu masu ɗalibai tamanin, mun fi son yaron da ya haddace taƙaitaccen darasi ya maido mana shi kalma da kalma, mai yawan tambaya kuwa mu ce ya cika surutu. Ni ma na yi haka, musamman in jarrabawa ta matso. A gida kuma, in yaro ya zo da wata magana da ya ji a waya, cewa ƙabila kaza ko mutanen wuri kaza su ne tushen matsalarmu, ko dai mu yi dariya ko mu daka masa tsawa. Da wuya mu zauna mu ce masa: wa ya faɗa, ina hujjarsa, me zai samu in ka yarda?

Yarinyar da ta yi tambayar nan, na ba ta aikin gida: ta tambayi kakanta abin da ya ji daga bakin iyayensa game da zamanin yaƙin Hitila, ta rubuto mana a kaye. Ta dawo da shafi biyu kan aikin dole da tsadar tufafi, da sababbin tambayoyi uku. Ranar ba mu gama darasin da ke cikin tsari ba, muka ɗaga shi zuwa mako mai zuwa.