Auren baƙo ko baƙuwa: hanyar samun takardar zama ɗan ƙasar Nijar

Ga bayani kan tambayar da ta shafi gidaje da yawa a jihar Maraɗi: wanda ya auro mata daga Katsina, Jibiya ko Sabon Birni, ko macen da ta auri baƙo, shin auren ya mai da baƙon ɗan Nijar? Amsa a taƙaice ita ce a'a. Aure yana buɗe ƙofa, amma sai an nema, kuma hukuma da takarda take aiki. Mace tana iya shekara 20 a ɗakinta a Tibiri, ta aurar da ɗiyanta, amma a idon doka tana nan baƙuwa.

Abin yana ba mutane mamaki, don a nan iyaka ba ta raba zumunta ba. Sarautar Maraɗi ta Katsinawa ce, ta Tibiri ta Gobirawa ce, tun ƙarni na 19. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya. Sai dai ɗan sandan da ke shingen Ɗan Isa ba asali yake tambaya ba, kati yake tambaya.

Abin da doka ta ce

Dokar zama ɗan ƙasa da ake aiki da ita mai lamba 84-33 ce, ta ranar 23 ga Agusta 1984. An yi mata gyare-gyare, amma biyu ne suka fi shafar iyali. Na 1999 ya ba uwa ƴar Nijar ikon ba ɗanta ƙasa kamar yadda uba yake bayarwa. Na biyu shi ne doka mai lamba 2014-60 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014.

Kafin 2014, baƙuwar da ta auri ɗan Nijar tana da shekara guda bayan aure ta kai buƙatarta kotu, shi kuwa baƙon da ya auri ƴar Nijar ba shi da wannan dama ko kaɗan. Gyaran 2014 ya daidaita namiji da mace, ya kuma yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Amma ya sa sharuɗɗa, kuma ƙasar ana ba da ita ne ta hanyar dikire, wato ƙudurin da shugaban ƙasa ke sa wa hannu. Magajin gari ba ya bayarwa, sarki ko mai gari ma ba sa bayarwa.

Sharuɗɗa bakwai

1. Auren ya kasance wanda doka ta sani, kuma ya kai shekara 3 a ranar da aka shigar da buƙata.
2. Ma'auratan suna zaune tare tun daga ɗaurin aure ba yankewa, kuma ɗan Nijar ɗin bai rasa ƙasarsa ba.
3. Mai nema ya yi aƙalla shekara 3 yana zaune a Nijar, zama na dindindin kuma bisa ƙa'ida.
4. Ya zama mai halin kirki, an yi masa kyakkyawar shaida.
5. Ba shi da hannu a fashi, ta'addanci, fataucin ƙwaya ko wani fataucin da doka ta hana.
6. Yana da hanyar cin abinci da za ta riƙe shi.
7. Ya saje da jama'ar da yake zaune cikinsu.

Wanda ba ta hanyar aure ya biyo ba, shekara 10 na zama doka ta ɗora masa. Ke nan aure yana rage shekara 7. To amma ku lura da sharaɗi na biyu: in aure ya mutu kafin a shigar da buƙata, wannan ƙofa ta rufe, sai dai a bi doguwar hanya.

A fara duba asali

Kafin a kashe ko dala, a zauna a yi tambaya ɗaya: ina aka haifi iyayen mai neman? Da yawa cikin waɗanda ake kira baƙi, ƴan ƙasa ne tun asali. Matar da aka haifa a Jibiya amma mahaifinta ɗan Nijar ne, ƴar Nijar ce ta jini. Haka wanda aka haifa a Nijar, kuma uwarsa ko ubansa ma a Nijar aka haife su. Irin waɗannan ba su buƙatar dikire. Abin da za su nema shi ne takardar nasiyonalite a kotu, su kai takardar haihuwarsu da ta mahaifin. In ta wajen uwa ne asalin ya biyo, a kai takardunta gaban alƙali ya duba. Wannan hanya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Takardar aure ita ce tushe

A nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe. An ɗaura aure a ƙofar gida, liman ya yi fatiha, an raba goro, kowa ya shaida. A addini da al'ada aure ya ɗauru, ba gardama. Amma shekara ukun da doka ke nema da takarda ake tabbatar da su, kuma takardar sai an kai sanarwar auren ma'aikatar magajin gari.

Dokar rijistar haihuwa, aure da mutuwa mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwa, kuma sanarwar kyauta ce. Mazauna birnin Maraɗi su je ma'aikatar magajin garin da'irarsu, ta ɗaya, ta biyu ko ta uku. Mutanen Tibiri da na Jiratawa su je ta kominsu. A ƙauyuka da dama akwai wurin karɓar sanarwa, a tambayi mai gari. A tafi da katin miji, da takardar shaidar matar, da shaidun aure.

In kwana 60 sun wuce, ba a makara ba, sai dai hanyar ta koma ta kotu. Alƙali zai saurari shaidu ya yanke hukuncin da muke ce wa jijima, a kai shi wurin magajin gari a rubuta auren a littafi. Tibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji, Jiratawa tana cikin ta Madarumfa, birnin Maraɗi kuma yana da babbar kotu. Lokaci zuwa lokaci alƙalai kan fita zaman shari'a na tafi-da-gidanka a ƙauyuka don irin waɗannan takardu. In kun ji sanarwarsa a rediyo, kar ku bari ya wuce ku. A tabbatar an rubuta ainihin ranar da aka ɗaura auren, kuma shaidu su zama waɗanda suka halarta da gaske.

Iyaye mata, wannan takarda taku ce kafin ta kowa. Ranar da mai gida ya faɗi ya mutu, baƙuwar da ba ta da takardar aure ita ke shan wahalar tabbatar da matsayinta, a biro ko a gaban alƙali. Kowace mata ta samu tata, ko ta farko ce ko ta huɗu.

Auren da aka ɗaura a waje

Ƴan uwa da ke Kano, Legas, Abijan, Jidda ko Faransa, in kun yi aure can, ku karɓi takardar aure ta hukumar ƙasar, sannan ku kai ta ofishin jakadancin Nijar a rubuta ta a littafinmu. A Kano akwai ƙaramin ofishin jakadancin Nijar. Takardar da aka rubuta da Turancin Ingilishi ko Larabci za ta buƙaci fassara zuwa Faransanci daga tafintan da hukuma ta yarda da shi. Kuma ku sani, shekarun da aka yi ana zaune a waje ba su shiga lissafin shekara 3 na zama a Nijar, ko da auren ya shekara 15.

Zama bisa ƙa'ida

Sharaɗi na uku yana cewa zaman ya zama bisa ƙa'ida, kuma a nan abubuwa sun sauya a ƴan shekarun nan. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ƴan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza su zauna kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewarsu ranar 28 ga Janairu 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. A Disamba 2024 ƙasashen uku na AES sun ce ƴan CEDEAO za su ci gaba da shiga ba biza. Sai dai shiga ba biza daban, zama ba takarda daban.

Ranar 13 ga Janairu 2025, shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan sabuwar dokar shigowa da zaman baƙi. Ta wajabta wa baƙo riƙe takardun tafiya ko na zama, ta ɗora wa mai saukar da baƙo ya sanar da ƴan sanda ko da kyauta ya sauke shi, ta kuma tanadi kora, tara da ɗauri. Sashen ƴan sanda na DST, wanda ke ba da fasfo, shi ke kula da takardun zaman baƙi. Don haka miji ya raka matarsa, ko mata ta raka mijinta, su je da fasfo ko katin ƙasar asali da takardar aure, a gaya musu takardar zaman da ta dace da ƙasarsu.

Tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka gudo wa ƴan bindiga zuwa jiharmu, wasu an zaunar da su a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, kuma an yi auratayya da su. Takardar ɗan gudun hijira a adana ta da kyau, don tana nuna lokacin da aka shigo. Amma ba takardar ɗan ƙasa ba ce.

Haɗa dosiye

Kowane sharaɗi yana da takardar da ke tsaya masa. A fara tara waɗannan: wasiƙar buƙata, takardar haihuwar mai nema, takardar aure, nasiyonaliten miji ko matar da ke ƴar Nijar, takardar shaidar wurin zama, takardar zama ta ƴan sanda, kaziye wato shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba, shaidar sana'a ko abin da ake samu, takardun haihuwar yara, da hotuna. Magatakardan kotu zai ba ku cikakken jerin da kuɗin tambur. Kaziye ba ya daɗewa yake tsufa, shi za a nema a ƙarshe.

Daga nan za a yi binciken hali, a tambayi maƙwabta da mai unguwa, dosiye ya wuce ma'aikatar shari'a a Yamai. Abin yana ɗaukar lokaci, sai haƙuri. In dikire ya fito, da shi za a je kotu a karɓi nasiyonalite, sannan katin ɗan ƙasa a kwamisariya, sannan fasfo.

Abu guda da za a duba tun farko shi ne suna. In takarda ɗaya ta ce Hauwa'u, ɗaya ta ce Haoua, ko Najeriya ta rubuta Abubakar, mu muka rubuta Aboubacar, ko shekarar haihuwa ta saɓa, dosiye yana iya dawowa. A gyara kafin a shigar. Kada a ba kowa takarda ta asali ya riƙe, a yi fotokopi a buga mata hatimin hukuma. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit.

Yara fa?

Yara ba su jiran dikire. Ɗan da ubansa ko uwarsa ɗan Nijar ne, ɗan Nijar ne, ko a Maraɗi aka haife shi ko a Kaduna. Abin da yake buƙata shi ne takardar haihuwa cikin kwana 60, daga baya a yi masa nasiyonalite. Kar a bari sai lokacin jarrabawar BEPC ko BAC ya zo, ko za a shiga gasar ɗaukar aiki, sannan a tashi ana gudu.

Ƙasa biyu

Matan da suka fito daga Najeriya sukan ji tsoron rasa ƙasarsu. Sashe na 28 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wanda yake ɗan Najeriya ta haihuwa ya riƙe wata ƙasa, Nijar ma ta yarda tun 2014. Yaran irin wannan aure suna da haƙƙi a ƙasashen biyu. Ga masu zama can kuma, sashe na 26 ya ba macen da ta auri ɗan Najeriya damar yin rijista ta zama ƴar ƙasa, amma bai ba namijin da ya auri ƴar Najeriya ba. Shi sai ya shekara 15. Wanda abokin aurensa ya fito daga wata ƙasa, ya tambayi ofishin jakadancinta, don ba kowace ƙasa ce ta yarda da ƙasa biyu ba.

Hattara da gajeriyar hanya

Akwai masu cewa a kawo ƴan kuɗi a yi wa amarya jijima, a rubuta an haife ta a wani ƙauyen Madarumfa, a wuce wurin. Wannan takardar ƙarya ce, kuma yin ta da amfani da ita laifi ne da doka ke hukuntawa, har da shaidun da suka tsaya. Yanzu da hukumomi a nan da Najeriya ke ɗaukar hoton yatsu, mutum ɗaya mai wurin haihuwa biyu ba ya da wuyar ganewa. In asiri ya tonu, kati da fasfon da aka gina a kanta duk sun rushe, kuma abin yana iya taɓa takardun yara.

Don haka wanda ke da baƙuwa ko baƙo a gidansa, ya duba yau: akwai takardar aure ko babu? In babu, a nemo shaidu biyu tun suna raye kuma suna tuna ranar, a nufi ma'aikatar magajin gari ko kotu. Ƴan uwa na waje masu turo kuɗin cefane, ku riƙa tambayar wannan takarda in kun bugo waya. Allah ya ba da zaman lafiya a gidajenmu.